Mai Gadin da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Shekara arba'in Babana yana kiran salla a masallacin ƙauyenmu, bai taɓa ɗaura agogo a hannu ba. Asuba da magariba sama yake kallo. Azahar da la'asar kuwa da ƙafa yake auna su. Zai fito filin ƙofar masallaci ya ba rana baya, ya duba inda inuwar kansa ta tsaya, sannan ya bi ta da taku, dunduniya na taɓa yatsa, yana ƙirgawa a zuci. In ta cika ƙafa bakwai a kan ɗan abin da ya rage mata da tsakar rana, la'asar ta yi. Tun ina 'yar ƙarama nake ganin wannan, har na ɗauka haka ake yi a kowane gari.

Sai ido ya fara tafiya. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, ya ba da maganin ɗigawa, ya ce wanda ya riga ya tafi ba zai dawo ba. Kafin daminar da nake ba da labarinta ta faɗi, haske da duhu kawai Baba yake bambancewa. Hanyar masallaci ƙafarsa ta haddace ta, murya kuma tana nan garau, har gonakin bakin fadama ana jin ta. Inuwar ce dai ba ya gani.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata ta wajen Ɗanbatta, aurena kuma a cikin ƙauyen yake, gonar gero biyu ce tsakanin gidana da gidanmu. Ina da baki, wannan ba sai an faɗa wa kowa ba. Inna takan ce ranar da aka haife ni ungozoma ce ta fara shan masifata. To da bakin da ɗan abin da na sani na ce zan gyara wa Baba al'amarinsa. Na saya masa waya, na sa masa manhajar da ke kiran salla da kanta in lokaci ya yi. Kwana ɗaya ta yi a aljihunsa ya miƙo mini.

"Ungo abinki. Ƙarfe ya kira, ni in maimaita? Wane ne ladanin a cikinmu?"

Na cire, na saita masa ƙararrawa kawai. Aka yi makonni lafiya lau. Ran nan wani bawan Allah ya yi kuskuren lamba ya kira wayar wajen ƙarfe uku, Baba ya ɗauka ƙararrawar ce, ya tashi ya yi alwala ya kira la'asar. Lokacin maimai ne, kowa yana duƙe a gona. Maza suka ajiye fartanya suka nufo gari, mata a cikin gidaje suka yi sallarsu. Liman ya iso, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi agogonsa, ya rasa ta inda zai fara. Dole aka aika gida gida cewa duk wadda ta yi salla ta sake. Ba wanda ya yi wa Baba magana mai zafi, ni kuwa na san da an yi masa da ya fi masa sauƙi.

Ranar Asabar liman ya zo zaurenmu. Abokin Baba ne tun suna yara, allo ɗaya suka yi. Ya daɗe yana zagaye kafin ya ce dattawa za su zauna ranar Juma'a in an dawo daga masallaci, da dagaci da kowa, a duba ko za a ɗauke wa Malam wannan nauyi. Baba ya ce, "To." Inna ta ce mini tuwon ranar yadda ta kai shi haka ta ɗauko shi.

Kar wani ya ce ai sai a riƙa faɗa masa lokaci. Wa zai faɗa? Da damina gari fayau yake da rana. Inna ba ta karanta agogo, ni ina makaranta, ƙannena suna Kano wajen nema. Da na matsa masa da tambayar me yake so, sai ya ce, "Abin da zan tambaya ya ba ni amsa, yadda nake tambayar inuwa. Ba abin da zai tashe ni kamar jaki ba."

Na shiga bincike. Na tarar da wata manhaja da aka yi wa makafi: ka girgiza waya, ta faɗa maka ƙarfe nawa. Tana magana da harsuna da yawa, babu Hausa. Amma ba ta kamfani ba ce. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake a intanet, kowa na iya karantawa, wanda ya iya kuma ya kawo nasa ƙarin, ba biya ba albashi. Gayya ce sak, sai dai masu gayyar ba su taɓa ganin juna ba. Na ce ai kuwa an zo wurin. Ranar Lahadi da hantsi na rufe ɗaki, na jingina katifa a ƙofa saboda zakaran maƙwabta da ba ya jin magana, na naɗi muryata ina ƙirga daga ɗaya har hamsin da tara, da "ƙarfe", da "saura", da "da rabi", da "da kwata". Sannan na zauna na rubuta umarnin da zai harhaɗa su su fito yadda muke faɗin lokaci.

Matsala ɗaya ce. Rubutu ba ya shiga waya haka nan, sai an haɗa shi ya zama manhaja, tsohuwar kwamfutata kuwa in na ce ta yi wannan aikin sai ta yi zafi ta yi nishi ta ɗauke. Masu gayyar suna da nasu injina. In ka tura aikinka, injinan za su haɗa maka kwafin gwaji ka sauke, tun ma kafin manya su karɓi aikin. Wannan kwafin nake nema, kuma kafin Juma'a.

Ranar Litinin lokacin hutun tara na je gindin tankin ruwan makaranta, don nan ne kawai sabis yake tsayawa da ƙafarsa, na tura. Ban gama gyara mayafi ba amsa ta shigo. Mai amsar yana da wani suna da ban gane na mace ne ko na namiji ba, da ɗan hoton tabarau. Ya yi mini godiya cikin ladabi da Turanci, sannan ya jero laifuffuka arba'in da ɗaya, ya buga wata jar alama, ya ce ba za a haɗa aikina ba sai an gyara su duka.

Na karanta, na sake karantawa. Ko wuri ɗaya bai ce aikin ba zai yi ba. Wai wannan layin ya wuce iyakar tsawon da aka yanka. Wai nan na shiga ciki da tazara uku alhali huɗu ake yi. Wai can na bar fili a ƙarshen layi, filin da ido ba ya gani sam. Wai tsakanin wannan sashe da wancan layi biyu ake bari, ni na bar ɗaya. Na ce tabɗi! Wannan wane irin mutum ne, ya karanta shafi shida cikin minti biyu har ya ƙirga abin da babu?

Na yi abin da aka rene ni a kai. A wurinmu ba a shiga wa mutum da buƙata ba a gaishe shi ba, na kuwa tuna ban gaishe shi ba, na ce ƙila shi ne ya ɓata masa rai. Akwai gurbin da ake rubuta bayanin aiki duk lokacin da za a tura. A nan na zuba gaisuwa. Na tambayi lafiyarsa da ta iyali, da aiki, da gajiya, na tambaya ko su ma ruwa ya sauka a wajensu. Na ba shi labarin Baba tun daga inuwa har zaman Juma'a. Na roƙe shi ya kau da kai sau ɗaya tak, na yi alkawarin bayan Juma'a zan zauna in share masa kowane layi. Na sake turawa ina jin ko dutse ne zai yi laushi.

Minti biyu. Godiyar nan dai, kalma da kalma, ba ƙari ba ragi. Laifuffuka arba'in da biyu. Na arba'in da biyun shi ne bayanin aikina ya yi tsawo, in taƙaita shi zuwa layi ɗaya.

Wallahi na ga wulaƙanci iri iri a rayuwata, a asibiti, a tasha, a layin karɓar takarda, amma ban taɓa ganin wanda aka gaishe shi ya ce gaisuwar ta yi tsawo ba. A gindin tankin nan na tsaya ina faɗa ni kaɗai, har mai sayar da ƙosai ta leƙo ta ce, "Malama, lafiya?" Na ce ina fa lafiya, na haɗu da wanda ba a yi wa tarbiyya ba.

Da na huce kaɗan na fara gyara da hannu. Litinin da yamma da Talata duk a kai na ƙare. In na rage tsawon layi sai tazara ta goce, in na gyara tazara sai wani filin ɓoye ya shigo. Daga arba'in da biyu na sauko ashirin da uku, na koma ashirin da bakwai. Kowace turawa sai na je gindin tanki, kowace amsa minti biyu, da safe ko da rana, da godiyarsa da jar alamarsa. Na fara mamakin yaushe mutumin nan yake cin abinci. Maigidana ya ce in bar abin kar hawan jini ya kama ni, na ce ya ji da gonarsa.

Ranar Talata da yamma na yi abu na biyu da muka iya: kamun ƙafa. In mai gadi ya hana ka shiga, ai sai ka nemi wanda ya ajiye shi. Na bincika na gano wadda ta fara aikin, wata dattijuwa a wata ƙasa mai nisa, ita ce kowa yake jiran ta bakinta. Na rubuta mata doguwar wasiƙa. Na gaishe ta, na ba ta labarin Baba, sannan na kai ƙarar ma'aikacinta. Ban rage masa komai ba. Na ce ba shi da tausayi, ba ya amsa gaisuwa, kuma a ganina bai kamata a ajiye irinsa a ƙofa ba.

Laraba da safe amsarta ta zo. Ta amsa gaisuwata ɗaya bayan ɗaya, har ta ce su ma ana ruwa. Ta yi wa Baba fatan alheri. Sannan cikin lallashi ta ce wanda nake ƙara ba mutum ba ne. Manhaja ce su da kansu suka ajiye a ƙofa, suka rubuta mata ƙa'idojin yadda rubutu zai kasance, duk abin da aka turo sai ta auna shi da su kafin ya wuce. Ta ce a da sukan ɓata kwanaki suna jayayya a kan tazara da tsawon layi, har wasu suka yi fushi suka tafi, shi ya sa suka zauna suka yanke magana ɗaya suka damƙa wa abin da ba ya fushi. Kuma sun yi alkawari a tsakaninsu ba wanda za a buɗe wa ta gefe, har da ita. Ta ce in ban yarda ba in duba aikin da ta tura jiya.

Kunya ta fara kama ni. Kwana biyu ina tambayar injin lafiyar iyalinsa! Na tuna har ruwan sama na tambaye shi, na rufe fuska da mayafi ni kaɗai ina dariya. Sai na buɗe aikin nata.

Ga shi nan kuwa. Jar alama, irin tawa sak. Godiyar nan, kalma da kalma. Layinta ɗaya ya wuce iyaka da harafi biyu, mai gadin ya tsayar da ita. Matar da ta kafa abin, wadda da hannunta ta ajiye shi a ƙofar. Ba ta ce ka san ko ni wace ce ba. Ta gyara, ta sake turawa, alama ta koma koriya. Na ci gaba da ja baya, wata da watanni, shekara da shekaru. Mutane daga ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba, manya da 'yan koyo, wanda ya kawo shafi ɗari da wanda ya kawo layi ɗaya, duk ta ƙofar nan suka bi, duk da abu ɗaya aka auna su. Na girma a inda layi yake da gaba da baya da kuma gefe, gefen ma ya fi cika. Ban taɓa tsammanin zan ga ƙofar da ba ta da gefe ba, balle a ce mutane ne suka gina ta da gangan suka fara ɗaure kansu da ita.

A ƙarshen wasiƙar ta ba ni wani ɗan umarni, kalma uku, ta ce in buga a kwamfutata. Na buga. Ikon Allah! Ina kallo layukan suka motsa. Dogaye suka karye daidai inda ya kamata, gajeru suka ja ciki suka daidaita, filayen ɓoye suka ɓace. Abin da na kwana biyu ina fama da shi, kafin in ɗauke yatsa ya ƙare. Na buɗe rubutun wani na ajiye kusa da nawa, na kasa gane inda hannuna ya bambanta da nasa. Kamar ka tsaya bakin gonar da aka yi wa gayya ka ga kunyoyi sun miƙe sambal, ka rasa wace ce ta wa.

Laifi ɗaya ya rage, wanda umarnin ba ya iya gyarawa. Sashen da ke harhaɗa lokaci ya yi tsawo da yawa, na cusa komai a wuri ɗaya, ƙa'ida ta ce a raba shi ƙanana yadda mai karatu zai iya bi. Na ja tsaki na fara rabawa: na "da" daban, na "da rabi" daban, na "saura" daban. Ina ware na "saura" ya tsaya shi kaɗai a fili, sai na hango kuskure. A wani reshe na manta in ƙara awa ɗaya. Ƙarfe huɗu saura ashirin, wayar za ta ce ƙarfe uku saura ashirin. Daidai bakin la'asar! Da an ji roƙona an buɗe mini ranar Litinin, da na kai wa Baba abin da zai zaunar da shi a zaure yana jiran lokacin da ya riga ya wuce, kuma da muryata. Mai gadin bai san da wannan kuskure ba, ba aikinsa ba ne. Shi dai bai yarda a shigo da abin da ido ba zai iya bi ba. Nan take na gyara.

Da yamma na bi ta cikin gero na je gida. Baba yana zaure a kan buzunsa, carbi a hannu. Na zayyana masa komai, har gaisuwar. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin zuwan liman, har da tari.

"Ke da ba kya gaida mutane sai an tuna miki, kin je kina gaida ƙarfe."

"Baba, ai da ladabi ya fara mini."

"To ita mai abin, kin ce har ita ya tsayar?"

"Har ita, Baba. A kan harafi biyu."

"Ta kuma gyara?"

"Ta gyara, ba ta ce uffan ba."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Can ya ce, "Allah mai iko." Sai ya faɗa mini abin da ban taɓa sani ba, don mu mata ba ma ganin sahun maza. A masallacinmu ladan ne yake bin sahu ya daidaita shi kafin liman ya ta da kabbara. Dagacinmu, tun yana sabon naɗi, in ya tsaya sai ya ɗan fita gaban sahu da rabin taku. Ba girman kai ba ne, in ji Baba, sabo ne kawai, ba wanda ya taɓa faɗa masa. "Talaka in ya fita da yatsa ɗaya ina mayar da shi. Shi kuwa in na zo kansa sai in dubi wani wuri. Shekara ashirin da wani abu. Da idona lafiya lau na yi wannan." Na ce Allah ya yafe mana. Ya ce amin.

Alhamis lokacin tara na tura daga gindin tanki. Minti biyun nan sun fi mini na kullum tsawo. Sai ga koriyar alama. Na yi guɗa, Allah ya sani na yi, mai ƙosai ta sake leƙowa. Injinan suka haɗa kwafin, na tsaya a rana ina saukewa sabis yana zuwa yana tafiya, har na makara aji. Ana tashi na hau mota, daga bakin titi na hau babur, ƙarfe uku da rabi ina zaure.

Na sa masa a waya na ce ya girgiza. Muryata ta fito daga tafin hannunsa: "Ƙarfe huɗu saura ashirin da biyar." Ya kusa yar da ita. Ya sake girgizawa, ya kara a kunne, ya yi murmushi. Amma Baba ba ya karɓar shaidar mutum ɗaya.

"Tashi mu je mu tambayi inuwa."

Muka fita filin ƙofar masallaci. Allah ya taimake mu hadari ya ja gefe, rana ta fito tas. Muka jira har wayar ta ce huɗu saura kwata. Ya ba rana baya ya tsaya ƙyam. Na ɗauki ɗan dutse na ajiye daidai inda inuwar hularsa ta ƙare. Ya cire takalmi ya fara taku, dunduniya na taɓa yatsa, leɓensa yana motsi. A na bakwai da ɗan ɗori babban yatsansa ya taɓa dutsen. Ya tsaya a wurin. Na ga haƙarƙarinsa ya ɗaga ya sauka, ni kuwa hawaye ya riga ya zubo mini, ban ma ɓoye ba tunda ba gani zai yi ba.

"Kina kuka ne?"

"Wa? Ni? Ƙura ce."

"Da damina?" Ya miƙo mini takalmansa. "Je ki gida, zan kira salla."

Ina tsakar gidanmu ni da Inna ya kira. Masallacin yana da lasifika mai aiki da hasken rana, Baba kuma tunda ya daina ganin ɗan jan fitilarta yakan manta bai kashe ba. Ranar ma bai kashe ba. Muna jin shigowar mutane, da gyaran murya, da iƙama. Sannan muka ji takunsa yana bin sahu, yana cewa a daidaita, a toshe kafa. Maigidana yana cikin sahun, shi ya ba ni sauran labarin daga baya. Ya ce Baba yana tafe yana dafa kafaɗu ɗaya bayan ɗaya, har hannunsa ya sauka a kan wata babbar riga mai aiki da ƙamshin turaren da duk garin mutum ɗaya ne yake sa shi. Kafaɗar tana gaba da sauran. Baba ya tsaya.

Mu dai abin da muka ji ta lasifika, mu da duk wanda ke gona har bakin fadama, shi ne: "Ranka ya daɗe, ja da baya kaɗan. Ka fita sahu."

Inna ta saki muciya ta dafe ƙirji. Ni kuwa na tuna zaman dattawa. Gobe fa dagacin nan ne zai zauna a kan maganar Baba! Na ce a raina, Baba, shekara ashirin ka yi haƙuri, kwana ɗaya ne ya gagare ka? Lasifikar ta yi tsit, ba ka jin komai sai hucin iska. Sai muka ji ɗan sautin ƙafa tana ja a kan tabarma. Baba ya ce, "Madalla." Liman ya ta da kabbara.

Ranar Juma'a dattawa suka zauna a ƙofar gidan dagaci. Liman ya sa Baba ya girgiza wayar sau uku a lokuta daban daban yana dubawa da agogonsa, sau ukun duk daidai. Kowa ya juya ga dagaci. Ya gyara zama ya ce shi shekara ashirin yana salla a gaban sahu masu ido suna kallonsa, sai jiya aka gan shi. Ya ce duk mai son karɓar kiran salla daga hannun Malam ya bari sai Malam ɗin ya ce ya gaji. A haka aka tashi.

Bayan makonni dattijuwar da mutanenta suka karanta aikina, suka nemi in gyara wasu wurare, suka karɓa. Yanzu Hausa tana cikin manhajar. Wani lokaci ina wanke wanke sai in tuna akwai wani makaho a wani gari da ban sani ba, yana girgiza waya ina faɗa masa lokaci, sai in ji abin ya fi ƙarfin kaina. Na ci gaba da tura musu ƙananan gyare gyare. Jar alama har yau ina samu, sai dai na daina faɗa a gindin tanki.

Baba yana nan yana kira. Lasifika ma har yau yana mantawa. Duk ranar da na biya ta zaure da jakar kwamfuta a kafaɗa, yana jin ƙarar zip ɗinta zai ce, "Wurin mutumin naki za ki?"

"E, Baba."

"Ki gaishe shi."

"Baba, na faɗa maka ba ya amsawa."

"Na sani. Ki gaishe shi dai, ki ce in ji ladan."